Bencin Kaka a Burumburum

A shekarar da na yi aure ina koyarwa a wata kwalejin fasaha, kuma darasina shi ne yadda katako da ƙarfe suke ɗaukar nauyi. Kullum sai na ɗora fallen katako a kan bulo biyu, in sa ɗalibai su riƙa jibga masa nauyi a tsakiya har ya lanƙwashe. Ina nuna musu cewa samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma miƙewa, shi ya sa tsagewa take farawa daga ƙasa.

Bayan girbi muka tafi Burumburum ni da matata, gaisuwar surukai ta farko tun bayan biki. Ni mutum ne mai jiki, ga shi kuma na faɗi a kan babur da damina, gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Da muka isa, surukina yana zaune a tabarma a ƙofar gida tare da dattawan unguwa. Na cire takalmi, na yi ƙoƙarin durƙusawa, ƙafar ta ƙi.

"A'a, Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "A ɗauko masa benci."

Na so in ce a bari, amma musu da suruki a gaban jama'a ba abin yi ba ne. Yayan matata ya shiga gida ya fito da wani dogon benci wanda zama ya goge shi har yana sheƙi. Tun yana ɗauke da shi na ga ƙasan bencin. A daidai tsakiya akwai baƙin tabo, wurin da reshe ya taɓa fitowa, da siririyar tsaga a gefensa. Da ya ajiye, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Na san duk wanda ya zauna, katakon zai lanƙwasa kuma ya murɗe a lokaci guda.

Na nufi gefe, saitin ƙafar benci, inda ya fi ƙarfi.

"Matso tsakiya, nan ne inuwa," in ji surukina.

Na matsa. Ga ni a sama, dattawa a ƙasa, wannan kaɗai ya ishe ni kunya. Aka shiga gaisuwa, ya hanya, ya mutanen gida, ya ƙafa. Ina amsawa, amma hankalina yana ƙarƙashina. Na ji katakon ya sauka kaɗan. Na tattara nauyina a kan ƙafar dama. Sai na ji ƙaramar ƙara, irin wadda nake cewa ɗalibai su kasa kunne su ji. A lokacin liman ya ɗaga hannu ya fara yi mana addu'ar zaman lafiya, kuma ba a tashi ana tsakiyar addu'a.

Kafin a shafa addu'ar, bencin ya karye. Na faɗi da baya, hulata ta yi gefe, ƙafar mai ciwo ta miƙe sama, wandona ya yage. Babu wanda ya yi dariya. Liman ya ƙarasa addu'arsa, aka shafa, sannan mutum biyu suka kama ni suka tayar. Surukina ya kawar da kai yana cewa, "Sannu. Ai katakon ya tsufa." Daga bayan danga kuwa na ji mata suna ƙunshe dariya. Da a ce a fili aka yi ta, da na fi samun sauƙi.

Tuwon da aka kawo mini ɗaki ko rabinsa ban ci ba. Matata tana ɗinke wandon ta ce in daina damuwa, amma ta ƙi haɗa ido da ni.

Da safe na leƙa tsakar gida, na ga kakar matata, tsohuwa mai ciwon baya, a zaune a kan kifaffen turmi tana shan hantsi, ta dafe ƙugu. A nan na ji cewa bencin da na karya nata ne. Marigayi mijinta ne ya sa aka yi mata, kuma a kansa take wuni.

Na sa aka aro mini zarto da guduma da ƙusoshi. Na yanke wurin da ya karye, na ɗauki ɓarin da ya fi tsawo, na mayar masa da ƙafafun ɗaya gefen, na daidaita su. Gajeren benci ya fi dogo jure nauyi, wannan na sani, amma ina bugun ƙusa ina jin idon gidan gaba ɗaya a bayana.

Na kai mata, na rusuna iyakar yadda ƙafata ta yarda. "Kaka, ki gafarce ni."

Ta shafa katakon da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ta zauna a hankali.

"Ango, ka gyara," ta ce. "Sai dai a da mu biyu muke zama a kai, ni da maƙwabciyata. Yanzu ita sai ta zo da kujerarta."

Muka yi sallama da azahar. A cikin mota matata ta fara ba ni labarin maƙwabciyar, wai ita da Kaka tare aka kawo su garin suna amare. Na ce ta bari sai mun isa gida.