Rigar kwamfutar Kawu

Kawuna mai buga takardu ne tun zamanin tafireta. A wani shagon bugu da hoton takardu na bar shi lokacin da na tafi karatu waje, teburinsa a kusurwa kusa da taga, kuma a nan na same shi da na dawo. Sai dai furfura ta cika kansa, kwamfuta kuma ta gaji tafireta. Bai taɓa son ta ba, amma yatsunsa sun haddace ta. Yana bugu yana hira da mai takarda, ko kallon maɓallai ba ya yi. Saurin nan ne ya riƙe masa kujerarsa, domin mai shagon ya sha faɗa a gabansa cewa nan ba wurin hutun tsofaffi ba ne.

Da aka sayo masa sabuwar kwamfuta sai ta fara tsiya. Da safe lafiya lau, rana na take tsaka sai ta ƙame, ko ta mutu ɗif da aikin mutane a ciki. Mutum biyu suka sa ta a gaba. Akwai Injiniya, mai gyaran da shagon ke kira, wanda ya tsaya kan tsarin manhajar kwamfuta da kowa ya saba da shi, na saye. Akwai Dogo, ƙanin mai shago, mai ra'ayin tsarin da ake saukewa kyauta. Sun ɗauki abin kamar masu goyon bayan ƙwallo.

"Naku ai asibiti ne," in ji Dogo. "Ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya kwanta."

"Naku fa? Sai mutum ya yi digiri kafin ya buga takardar neman aiki."

"To ci gaba da gogewa kana sakewa, Injiniya, ai da shi kake cefane."

Haka kuwa Injiniya yake yi. Ya goge komai, ya sake ɗora nasa, ta koma gidan jiya. Da mai shago ya gaji sai ya ce Dogo ya gwada nasa, Dogo ya ɗora.

A makon ne na je gaida Kawu. Birona ya faɗi, na sunkuya ƙarƙashin tebur, sai na ga akwatin kwamfutar sanye da riga ta yadin labule mai kauri, har da zif. Na taɓa, zafi kamar dutsen guga.

"Kawu, wannan rigar fa?"

"Innarku ce ta ɗinka, don na ga injin sabo ne. Haka nake yi wa tafireta. Injin da ba a rufe ba ƙura ke cinye shi."

Na ce masa wannan akwai fanka a cikinsa, ta ramukan gefe yake shan iska, in aka toshe su zafi ke kashe shi. Ya sunkuya ƙarƙashin teburin. Sannan ya zuge zif ɗin, ya ninke rigar ya tura a jakarsa.

"Ɗana, kada kowa ya ji. Aikin mutane nawa ya salwanta a cikin injin nan? In maigida ya san ni ne, na gama."

Daga ranar kwamfuta ta warke. Dogo ya yi ta bin shagunan layin yana shela, mai shago kuma ya yanke cewa tsarin kyauta ya zauna ke nan. A nan wahalar Kawu ta fara. Abin da yatsunsa suka sani ya sauya wuri. Ya danna nan, wani abu dabam ya buɗe. Mutumin da ke gama shafi kafin mai takarda ya gyara zama ya koma laluben linzamin kwamfuta, tabarau a ƙarshen hanci. Masu kawo aiki suka fara wuce shi zuwa teburin wani mai bugun.

"Baba, ai ba wuya, karantawa kawai za ka yi," in ji Dogo, yana danna wayarsa.

Da abin ya ishi Kawu sai ya zaɓi faɗin gaskiya, ko a mayar masa da tsarin da ya iya. Ya tara su ukun, mai shago da Dogo da Injiniya, ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya yi bayani tiryan-tiryan. Dogo ya tuntsure da dariya.

"Baba, Injiniya ne ya turo ka da wannan tatsuniyar?"

Na zaci Injiniya zai yi murna, tunda an wanke tsarinsa. Amma yarda da maganar na nufin ya yi ta goge inji bai taɓa durƙusawa ya duba shi ba. Ya kawar da kai.

"Riga ba ta kashe kwamfuta. Ku dai jira, nasu ma zai nuna hali."

Mai shago ya ja numfashi. "Baba, in gaskiya ka faɗa, kai ka kore mana mutane. In ba gaskiya ba ce, aikin ya fi ƙarfinka. Wanne kake so in ɗauka?"

Ƙarshen wata aka ce wa Kawu ya je ya huta. Na je taya shi kwashe kaya, ashe babu abin kwashewa sai matashin kujera da kofin shayi. Na miƙa hannu in karɓa, ya hana ni.

"Bar su," ya ce. "Waɗannan dai na san yadda ake riƙe su."