Kunyar Suruki Ta Hana Ni Neman Rasitin Inji

A shekarun da ɓarayin daji suka fara tare hanyoyinmu, ni direba ne, ina jan wata tsohuwar a-kori-kura da na gada daga mahaifina. Ranar kasuwa nakan kwashi mutane da buhunansu daga Zugu zuwa Bukkuyum, wani lokaci har Gummi. Ba ni da komai sai kyakkyawan suna. Magidanci zai saka mini iyalinsa da hatsinsa a mota ya koma gona hankali kwance.

Injin motar ya gaji. Tana shan baƙin mai kamar kunu, hayaƙi kuwa har 'yan tasha na tsokanata wai na zo kore musu sauro. Bakanikena na Gummi ya ce gyara ya ƙare, sai dai a sauke injin a ɗora wani. Ana haka sai surukina, mahaifin matata, ya aiko cewa wani abokinsa a Anka na da inji mai lafiya, ga araha. Na je na ɗauko. Da bakaniken ya duba, ya nuna mini inda aka kankare lambar injin, ya ce in koma in karɓo rasit kafin ya ɗaura ko noti ɗaya. To ni da ko ido ba na haɗawa da surukina, ta yaya zan nemi takarda a kan abin da ya tsaya mini? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba ke nan. Sai na yi wa bakaniken ƙarya cewa rasit na gida, ya ɗora.

Wata biyu mota na tashi bugu ɗaya, ina ta fariya. Rannan aka kama ni a tasha gaban fasinjojina. Ashe injin na motar wani direba ne da ɓarayi suka tare suka kashe, mai sayarwar kuma da ya shiga hannu ya ambace ni. Aka tambaye ni wa ya haɗa mu, na ce ni na nemo shi da kaina. Bakina ya kasa furta sunan kakan 'ya'yana. Wata bakwai na yi a tsare, surukina bai leƙo ba, bai kuma gaya wa kowa gaskiya ba.

An sake ni, amma gari ya riga ya yanke mini hukunci, wai ni ke kai wa ɓarayi rahoto. Ranar kasuwar farko na tsaya tun hantsi har azahar ba wanda ya hau. Inna mahaifiyata ce kaɗai ta zo da sandarta ta zauna a gaba, alhali ba inda za ta. Nan na kifa kai a sitiyari na yi kuka.

Har yau baƙin cikin nan bai sake ni ba. 'Yan'uwana direbobi, ko wa ya kawo muku inji, ku duba lamba, ku karɓi rasit. Kunyar da na ji ta minti ɗaya ce, sunana kuwa har yanzu bai dawo ba.