Magaribar da na yi raka'a huɗu

A gidanmu na Indabo, tsakanin Magariba da Isha'i lokacin Iya ne, kakarmu mahaifiyar Baba. Da an sauke tuwo sai ta ja buzun sallarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Buzun nan mutum biyu kawai yake ɗauka: ita, da wanda ta ga dama. Kullum kuwa Ladidi ce.

Ladidi 'yar ƙanin Baba ce, sa'ata, an kawo ta gidanmu bayan rasuwar mahaifiyarta. Ni ban ga maraicin ba, buzun na gani. Kishi nake yi da ita, mai hana ni cin tuwo. Ni ce fa na haddace ƙabli da ba'adi a Islamiyya: in ka rage wata sunna da mantuwa, sujada biyu kafin sallama, in ƙari ka yi, sujada biyu bayan sallama. Ladidi kuwa kanta kamar rariya. Amma ita ce a kan buzu, ita Iya ke ba wa carbinta ta riƙe.

Wata Magariba muna salla gefe da gefe, na ga ta miƙe bayan raka'a ta biyu ba ta zauna tahiya ba. Wani daɗi ya kama ni. Ina sallamewa na ruga.

"Iya! Ladidi ta ɓata sallarta, wallahi a kan idona!"

"A kan idonki?" in ji Iya, tana gyara itace. "To zauna, malama, yau tatsuniyar taki ce. Ga ta nan tafe, ku tare ta kar ta faɗa wuta."

Ta ce wasu mata biyu ne masu wanki a bakin kogi, Mantau da Gwana. Mantau ba ta salla ba ta yi mantuwa ba, amma sai ta yi sujadarta biyu ta koma kan wankinta. Gwana kuwa, duk kuskuren da Mantau ta yi sai ta ƙulle tsakuwa ɗaya a bakin zane. Da ƙullin ya yi nauyi ta kinkima ta zube a gaban malamin garin. Malam ya ce, "Waɗannan ai duk an gyara su. Ke da idonki yake kanta, wa kika bar wa gadin taki sallar?"

"Ƙurunƙus, na ajiye ta a nan." Sai Iya ta juyo gare ni. "Ladidi ta yi ƙablinta, na gani. Ke raka'a nawa kika yi?"

"Uku mana!"

"Huɗu, 'yar nan. Tashi ki yi ba'adi."

Yara suka fashe da dariya. Ladidi ba ta yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na rantse uku na yi, na shige ɗaki ina kumburi. Ban yi ba'adin ba.

Da Iya ta rasu, Ladidi aka bar wa carbin. Daga nan na ɗauke ƙafa. Ta yi aure a Achika, ni ina Sabon Gari ina koyarwa a Islamiyya, sai dai mu haɗu a biki mu gaisa sama-sama. Na ɗauka tatsuniyar nan cin fuska ce kawai. Ashe ƙullin Gwana nake ɗauke da shi duk tsawon shekarun nan.

Bara wata ɗalibata ta ce, "Malama, in mutum ya manta ba'adi fa?"

Na ce, "Ya yi shi duk ranar da ya tuna, ko bayan shekara." Ina faɗa na tuna da Magaribar nan tawa.

Da na koma gida na yi sujada biyun nan, na sallame. Washegari na hau mota zuwa Achika. Ladidi ta rungume ni, muka yi ta gaisawa, sannan ta shiga ɗaki ta fito da shimfiɗa. Buzun Iya ne, gashinsa duk ya zube. Wallahi sai da zuciyata ta sake yin zafi.

"Au, har buzun ma ke aka bar wa?"

Ta yi dariya, ta zauna, ta matsa gefe.

"Zauna, malama. Ai mutum biyu yake ɗauka."