Bargon Anti Noreen

Akwatin ƙuri'a ɗaya. Fensirori cikin gwangwani. Jarka biyu ta ruwa, taya biyu na ko-ta-kwana, shebur, igiyar jan mota, ganyen shayi, da wani tsohon bargo ruwan toka. Kayan da ke bayan motar ke nan ranar da muka tsallaka kogi zuwa ƙauyen Yarrabin, ruwa yana dukan ƙofa. Noreen Baxter ce ke tuƙi.

"Ke 'yar Perth, ɗaga ƙafa," ta ce da ni. "Kar takalmin boko ya jiƙe."

Na yi shekaru ina karatu a can birnin Perth, na dawo harshenmu ya yi mini nauyi a baki. Duk da haka ta ɗauke ni tafinta.

Aikinta na kullum tuƙa motar 'yan makaranta ne. Ta kwaso su da safe, ta mayar da su da yamma, ta share motar da kanta. In zaɓen majalisar jiha ya zo, ita ke kai akwati ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba.

Mazaɓarmu ta Kurrawin ta daɗe a hannun masu garken shanu. A da kakanninmu suna yi musu kiwo, ba su da ƙuri'a. Da aka ba su, sai akwatin ya riƙa maƙalewa a hanya. Tun da Noreen ta karɓi tuƙin, kujerar ta daina zama gadon kowa. Bana wannan jam'iyya, gaba waccan, tazarar kuwa ba ta wuce mutanen ƙauye ɗaya ba. Zaɓen da nake magana a kai shi ne na ƙarshe a Kurrawin, don an riga an sanar za a haɗe mu da mazaɓar bakin teku.

Muka kafa tebur a ajin makarantar Yarrabin. Maza suka jefa. Mata kuwa suka zauna gindin bishiya, sun ba ajin baya. Dalilin yana kan kujera kusa da akwati: Lionel, wakilin wani ɗan takara. Matarsa 'yar Kaka Dulcie ce, Kaka kuwa ita ce babbar matan ƙauyen. A wajenmu suruka da mijin 'yarta ba sa haɗa ido, ba sa zama ɗaki ɗaya. In Kaka ba ta shiga ba, babu macen da za ta wuce gabanta.

Wanda ya zaunar da Lionel a wurin, wani Halloran mai yi wa ɗan takarar kamfe, ya san haka sarai.

"Doka ta ba wakilina damar zama," ya ce. "Ki taɓa shi, in sa a soke akwatin nan duka."

Gaskiya ya faɗa. Hadari kuma ya haɗo ta gabas. Kogi zai ƙaru: ko mu fita yanzu ba ƙuri'ar mata, ko akwatin ya makara.

Noreen ta dubi Lionel. Kansa na ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ɗana, nawa suka ba ka ka zama dodon gona?"

"Anti, aiki ne kawai."

"To zauna ka yi aikinka."

Ta fita ta dawo da bargon da igiyar jan mota. Ta ɗaura igiyar daga taga zuwa allo, ta rataya bargon, ajin ya rabu biyu. Ta sa akwatin daidai ƙarƙashinsa, bakinsa a ɓangaren Lionel.

"Wannan wasan yara ne!" in ji Halloran.

"Akwati aka ce ya gani, ga shi yana gani. Rubuta ƙararka, Baxter da x ne."

Ta tafi gindin bishiya ta durƙusa. "Kaka, an gyara ɗaki."

Tsohuwar ta ɗauki lokacinta. Aka fara yayyafi tana tafe. Lionel ya ga hannu ya ɓullo ta ƙasan bargo, ya saki takarda, ya koma. Sauran hannayen suka biyo baya. Muka tsallaka kogin ruwa yana shigowa har kujera, akwatin a kan cinyata.

Ƙarar ta tafi. Aka kira Noreen birni, ta sha tambayoyi, ta yi asarar albashin kwanakin. Aka ƙirga akwatin. Wa Kaka Dulcie ta zaɓa, ban sani ba, Noreen ma ba ta taɓa tambaya ba.

Anti, ke ce kika riƙe doka da hannu ɗaya, kunyar mutanenmu da ɗayan, ba ki saki ko ɗaya ba. Babu titi da sunanki. Kurrawin ma ta fita daga taswira. Na gode. Masu ƙorafin cewa sabuwar mazaɓa ta manta da mu, motar tana nan, hanyar ma ba ta canja ba.

Bana idonta ya ƙi, likita ya hana ta tuƙi. Na je gidanta, na tarar ta naɗe bargon ta ajiye a bakin ƙofa.

"Hukumar zaɓe ta ce a aika wa Yarrabin ƙuri'a ta gidan waya," na ce.

"Yaushe rabon Yarrabin da ganin mai kai wasiƙa? Ɗauki abin nan ki tafi, 'yar Perth, kina shigo mini da ƙuda."

Ta rufe ƙofar. Na sa bargon a mota. Bana ni zan kai akwatin.