Ilu, Bakinmu a Panya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba ta ƙarshen watan Rajab, a shekarar 1924, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Ilu na Sule Tankarkar, bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi.

Ilu, tare muka bar ƙasar Gumel da fataucin fata. Jari ya karye mana a Ikko, muka hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Panya, aikin gonar koko. Abokan aikinmu a rumfar shanyar koko Sifaniyanci suke yi, ba mai jin Hausa. Ni na kama bakina. Kai kuwa sai ka ɗaga kwando ka tambayi sunansa, su yi ta dariyar yadda kake faɗa, kana taya su. Kafin damina ta zagayo ka zama bakinmu. Ko gaisuwarmu ba ka rage mata komai ba: ka tsayar da mutum ka tambayi kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa cikin harshensa, har su ma suka ɗauka suna yi mana. Ran da adda ta sare ni a ƙafa, kai ka kira su, suka ɗauke ni a kan buhu zuwa wurin mai magani.

Sau nawa ka ce, "Barau, koyi ko gaisuwa ce"? Ni kuwa in ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Lalaci ne kawai, ba wani abu ba.

Mun daɗe da dawowa gida. Da wannan ciwo naka ya tsananta, Hausa ta ɓace maka, sai harshen Panya. Maiɗakinka Kyauta ta aika Gumel aka ɗauko ni, don duk ƙasar nan ni kaɗai na zauna can tare da kai. Ka gane ni. Ka riƙe hannuna kana magana a natse, kana duban 'ya'yanka, kana maimaitawa. Wasiyya ce, ba ni da shakka.

"Malam Barau, me yake cewa?" in ji Kyauta.

Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Kunyar wannan rana da nadamarta ba za su bar ni ba har in tarar da kai.

Ina yi wa Kyauta da yara da dukan dangi ta'aziyya, ina kuma roƙonku gafara. Allah ya jiƙan Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya Ubangiji, babu harshen da ya ɓuya gare ka. Amanar da ya miƙo mini na kasa karɓa, kai ka isar da ita ga 'ya'yansa. Amin.