Wutar Solar Baba da Aikin Kwamfutata

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, sashen injiniyan lantarki, malamina ya ba ni aikin da ya hana ni sakat. A cikin kwamfuta zan haɗa da'irar lantarki mai ƙofa biyu, in tura sigina ta ƙofa ɗaya, in auna nawa ya wuce, nawa ya dawo baya. In aka toshe ƙofofin da rizisto, wanda ke shanye wuta, lissafin ba wuya. Shi kuwa malam cewa ya yi sai dai koyil da kafasita, waɗanda ba sa shan wuta, riƙewa suke yi su maido. Kwamfutar sai ta dinga nuna mini wai abin da ya dawo ya fi abin da na tura. Ƙarya tsagwaronta! Kuma in ban gyara ba kafin hutu ya ƙare, sai na maimaita shekara.

Da wannan damuwa na iso gida Wurno, cikin rani. Wutar gari sai ta ga dama take zuwa, batirin kwamfutata kuma ya tsufa, kafin lissafi ya kai rabi ya mutu. Har na kai ga zagin kwamfutar a tsakar gida, Inna tana yi mini dariya.

Baba manomin albasa ne. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, mi ka damunki?" ya tambaye ni.

Na zayyana masa komai, har da koyil da kafasita. Ya saurara kamar mai jin wa'azi, na san bai fahimci ko ɗaya ba. Abin da ya kama kawai shi ne ina neman wuta.

"Taho hwadama gobe. Wuta na nan."

A fadama yana da faifan sola da ke tayar da injin ban ruwa. Kullum da rana ta take, lokacin da sola ta fi ƙarfi, sai ya kashe injin, ya jona mini kwamfuta a gindin mangwaro. Na ce albasar fa? Ya ce, "Ta sha, ta ƙoshi. Ke dai yi aikinki." Sai ya saɓa fartanya ya nufi ƙarshen gona. Na yarda, don ni ban san cikin albasa ba, kuma hankalina yana kan allo.

Na daɗe ina kai da kawo kafin na gano matsalar. Manhajar tana lissafi ne kamar rizisto ne a ƙofofin. Sai da na ƙara wa kowace ƙofa ɗan abin shan wuta, na kuma sa ta sake lissafin a kowane zangon sigina. Na danna, na jira. Layin sakamakon da ke kan allo ya sauko, ya kwanta inda ya kamata.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba, na ruga neman Baba. Ranar na fara taka ƙarshen gonar. Fangalolin can ƙasarsu ta tsattsage, ganyen albasa ya yi rawaya ya kwanta. Baba na tahowa daga rafi da jarka a kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar nan tasa mai ciwo, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ashe tun da na fara zuwa haka yake yi. Tausayinsa ya cika ni.

Ya sauke jarkar yana haki, ya dubi fuskata.

"Ta yi?"

"Ta yi, Baba."

"To, madalla." Ya waiwaya ya dubi albasar. "Wanga kuma kak ki hwaɗa ma innarki. Kin san ta da hwaɗa."

Na sunkuya na ɗauki jarkar. Ya ce in aje, ta fi ƙarfina. Ban aje ba.