Tarihi Biyu a Gidan Gavril

A ƙauyenmu na bakin kogin Muresh, a ƙasar Romaniya, komai biyu ne. Coci biyu, maƙabarta biyu, har mashaya biyu, don kada Baromaniye da Bahungare su bugu a kan benci ɗaya. A nan aka haifi Boroka, 'yar Gavril kafinta, Baromaniye, da matarsa Etelka, Bahungariya. Aurensu ma dangin kowane ɓangare na hura hanci aka yi shi.

Da uwarta Hungaranci take yi, da ubanta Romaniyanci. Shekara talatin Gavril ya yi da matarsa, amma bai tsinci komai a harshenta ba sai "zo ka ci abinci" da zagi guda biyu. Taurin kai ne kawai, ni dai ban ga wani dalili ba. Yarinya ta tashi ba ƙawa. In ta je wannan unguwa a ce mata 'yar can, in ta je can a ce mata 'yar nan. Sai ta rungumi karatu, musamman tarihi, har malamai suka fara cewa za ta yi nisa.

Shekarar da ta gama sakandare ciwo ya kwantar da Etelka. Boroka ta ajiye littafi ta kama jinya, shekara da shekaru, har rai ya yi halinsa. Sa'anninta duk sun watse birane. Ita kuwa ta shiga aikin gidan burodi. Ta fita da asuba, ta dawo da rana ta tuƙa tuwon masara, su ci da cuku ita da tsohon. Kaɗaici ya yi mata yawa, kuma ba wanda za ta faɗa wa.

Tana dab da shekara talatin ta ce ita fa sai ta gwada shiga jami'a. Ba makaranta, ba malami, ita kaɗai za ta yi wa kanta darasi. A lokacin, jami'ar Kuluj tarihin Romaniya take jarraba mutum a kai, ta Debrecen kuma, can ƙetaren iyaka, tarihin Hungari. Mai kwaɓa fulawa tun asuba ba ta da ƙarfin haddace biyu. Ta aro littattafan ta jera a tebur. Yaƙoƙi ɗaya ne, duwatsu ɗaya, sai dai gwarzon wannan littafi shi ne ɓarawon wancan. Amma ba wannan ne ya dame ta ba. In Kuluj ce, duk Asabar za ta hawo jirgin ƙasa ta zo ta ga ubanta. In Debrecen ce, sai dai a ce sai wata rana.

Inna Wilma, yayar marigayiya, ta tare ta a gidan burodi.

"Ke 'yar nan, wai shawara kike yi? Nonon wa kika sha?"

"Na ƙanwarki, Inna."

"To, me ya rage? Ki ɗauki namu ki ƙetare."

"Baba fa?"

"Wannan gunkin? Ki bar masa tukunya da gishiri, sai bazara zai lura ba kya nan."

Boroka ta yi dariya, amma a ranta ta riga ta yanke. Kuluj za ta, saboda tsohon. Ta duƙufa a kan littafin Romaniya, shiru, makonni.

Wata Lahadi da yamma, ƙanƙara ta rufe hanya, ta jawo littafin Hungari don ta mayar wa faston da ya ara mata. Ta buɗe kawai don ta leƙa. Ba ta ankara ba ashe a fili take karantawa. Tun ranar da aka fita da gawar Etelka ba a sake jin wannan harshe a gidan ba. Can sai ƙarar zarto ta ɗauke a rumfar aiki. Ta ɗaga kai, ga Gavril tsaye a bakin ƙofa, garin katako har gira.

"Ci gaba," in ji shi.

"Ai ba ka ji, Baba."

"Na ce miki ina ji? Ke dai ci gaba."

Kashegari bayan sun ci abinci bai koma rumfa ba, ya jawo kujera ya zauna. Ta ɗauko littafin Romaniya, ya ɗaga mata hannu.

"Ajiye wannan. Na san ƙarshensa, mu muka ci."

Haka sanyin shekarar ya wuce. Kullum ta karanta, shi ya lumshe ido. Abin da baki ya furta kuwa ya fi zama a kai, don haka sarakunan Hungari suka zauna mata daram, na Romaniya suka yi ta zubewa. Da lokacin rajista ya matso, ta ga ba makawa sai ta yi magana.

"Baba, ka san wannan littafin ba Kuluj yake kai mutum ba."

"Na sani. Kafinta ne ni, ba jaki ba."

"In na ci, sai Kirsimeti za ka gan ni. Har yanzu zan iya komawa wancan, in na dage."



"In kina wannan yaren, muryar uwarki ce sak. In kina namu, tawa ce. Ni kuwa na gaji da jin kaina."

"To ai da muryar zan tafi, Baba."

"Yaushe ne jarrabawar?"

"Yuli."

"Ashe da saura. Ina muka tsaya?"

Sun tsaya ne a babin da aka yanke yankinmu daga Hungari bayan yaƙin duniya na farko aka miƙa wa Romaniya, inda marubucin ya zage yana kiran mutanen Gavril masu ƙwace. Boroka ta karanta hawaye na zuba a kan shafin. Tsohon ya jingina, ido a rufe, yana gyaɗa kai yana murmushi, ana zagin kakanninsa.

Ta ci jarrabawar, da kaka ta tafi. Yanzu malamar tarihi ce a can.

Watan farko da tafiyarta, Inna Wilma ta kai masa miya, abin da ba ta taɓa yi ba. Tun daga ƙofa ta jiyo Hungaranci na tashi a ɗaki. Ta iske shi zaune gaban rediyo, wata mata tana karanto farashin aladu da alkama.

"Gavril, ka san me take cewa kuwa?"

"Oho." Ya miƙa hannu ya kashe. "Ba ta iya ba. Sauri take yi."